Waye Mai Harafin Ƙ? Tarihin Lasisin Haruffa da Inda Ya Shafi Marubucin Hausa

Kamar yadda muka saba, ga shirin wannan mako a rubuce, saboda waɗanda data ba ta ishe su sauke sauti ba, da waɗanda dama karatun suka fi so.

Yau maganar haruffa za mu yi. Na san wani zai ce, ana fama da tsadar rayuwa da rashin aikin yi, kai kuma ka zo mana da zancen haruffa? Ku ɗan yi mini haƙuri, bari in fara da abin da ya same mu.

Bara, ni da wasu abokaina muka tattara gajerun labarai na matasan unguwanninmu, muka ce bari mu mai da su littafi, ko yaran nan sa ga sunansu a bango su ƙara ƙaimi. Ni aka ɗora wa tsara shafuka. Na shiga intanet na sauke wani zubin haruffa mai kyau, abin nan da 'yan kwamfuta ke kira font, na yi bango da kanun labarai da shi. Wasu labaran kuma a shagon buga takardu aka buga su, da wani tsohon zubi na Hausa da mai shagon ya zuba mana a filashi. Muka haɗa komai muka aika wa wani kamfanin ɗab'i. Bayan 'yan kwanaki sai ga amsa, tambayoyi uku. Ina lasisin zubin da ke bango? Me ya sa haruffan ba su dasu a cikin fayil ɗin PDF ba? Kuma me ya sa a kwamfutarsu duk inda muka rubuta "ƙasa" sai su ga "}asa"? A cikin yarjejeniyar da suka haɗo, akwai sakin layi da ke cewa duk abin da muka saka a littafin, har da haruffa, mu ke ɗauke da alhakinsa in wani ya kai ƙara.

Wallahi raina ya ɓaci. Na ce harafi ma sai an biya? A, B, C ɗin da aka koya mana a firamare? Amma da na huce na zauna na yi karatu a kai, sai na tarar mutanen nan suna da gaskiya. Rigimar ta haura shekara ɗari biyar ana yin ta, kuma Hausa na cikinta dumu-dumu, mu ne dai ba mu lura ba.

Bari mu fara raba abu biyu. Harafin "a" ba na kowa ba ne, kowa na iya ɗaukar biro ya rubuta. Amma yadda wani ya zana "a" ɗin, kaurinsa, lanƙwasarsa, tazararsa da harafin da ke biye, wannan aikin hannun wani ne, kuma zubi guda yakan ci wa mai zane watanni ko shekaru. A zamanin da, kowane harafi ɗan ƙaramin hatimi ne na dalma. Gwani zai sassaƙa siffarsa a kan ƙarfe, a buga ƙarfen a jikin tagulla ya bar gurbi, sai a riƙa zuba narkakkiyar dalma a gurbin ana fitar da haruffa dubbai. Da irin wannan dabarar Gutenberg ya buga Baibul a birnin Mainz na Jamus wajen shekarar 1455. To kun ga a lokacin ba a bukatar wata takardar lasisi. Wanda ya sayi dalmar shi ke da ita, kamar wanda ya sayi buhun ƙusa.

Sai dai tun ba a je ko'ina ba aka fara satar zane. A shekarar 1501, a birnin Benis na Italiya, wanda aka gina a kan ruwa, wani mai maɗaba'a, Aldus Manutius, ya fitar da ƙananan littattafai da wani sabon zubi mai karkata, wanda yau muke latsawa a Word idan muna son rubutu ya jingina gefe. Wanda ya sassaƙa masa haruffan sunansa Francesco Griffo. Littattafan suka karɓu. Aldus ya nemi hukumar Benis ta ba shi kariya, aka ba shi ta shekara goma, cewa kada wani ya kwaikwayi zubin. Amma ikon Benis bai kai Faransa ba. Masu maɗaba'a a birnin Liyon suka kwaikwayi haruffan suka cika kasuwa da jabu. A 1503 Aldus ya buga takardar gargaɗi, ya jera kurakuran da ke cikin jabun domin masu saye su gane. Me 'yan Liyon suka yi? Suka ɗauki takardar suka gyara kurakuransu da ita, suka ci gaba da bugawa. Shi kuwa Griffo, wanda ainihin hannunsa ya yi aikin, kariyar ba da sunansa aka bayar ba. Suka ɓata da Aldus, ya koma yi wa wani mai maɗaba'a aiki. Ku riƙe wannan labarin, don duk abin da ake rigima a kansa yau yana ciki: mai zane, mai kuɗi, ɓarawo, da dokar da ba ta tsallake iyaka.

A ƙarshen ƙarni na 19 injuna suka shigo. A 1886 aka fara aiki da injin Linotype a wata jarida ta birnin New York, ba da jimawa ba Monotype ya biyo baya. Waɗannan injuna da kansu suke zuba dalma, amma sai da guraben haruffa, kuma guraben daga kamfanin ake sayo su. Ma'ana, harafin da kamfanin bai sassaƙa ba, injinka ba zai fitar da shi ba, sai dai ka yi oda ta musamman ka biya ka jira.

Nan ne Hausa ta shigo labarin. Kun san muna da sautuka da Turanci ba shi da su. Akwai bambanci tsakanin "sarki ya shiga fada" da "sarki ya shiga faɗa". Akwai bambanci tsakanin "kura ta tashi" da "ƙura ta tashi", ɗaya gudu ake yi, ɗaya hanci ake toshewa. Turawan farko da suka rubuta Hausa da boko ba su tsaya a kan hanya ɗaya ba. An yi zamanin ɗiga ɗigo a ƙarƙashin harafi, an yi na maƙala ɗan waƙafi a gefensa. A 1912 Hanns Vischer, wanda Kanawa suka sa wa suna Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubutun Hausa. A 1926 aka kafa wata cibiya ta nazarin harsunan Afirka a Landan, inda masana irin su Diedrich Westermann suka riƙa kiran a ba kowane sauti harafinsa. A cikin shekarun 1930 ne aka tsayar da haruffa masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, zamanin da Rupert East ke shugabantar Hukumar Talifi a Zariya. Ita ce hukumar da ta shirya gasar 1933 wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi. A watan Janairun 1939 jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita, a 1945 kuma aka kafa Kamfanin Gaskiya a Zariya.

To ku duba matsalar. An zauna an yanke cewa ga haruffanmu, madalla. Amma masu ƙera dalma da guraben injin suna Ingila da Amurka da Jamus. Babbar maɗaba'a mai goyon bayan gwamnati za ta iya yin oda. Ƙaramin mai maɗaba'a fa? Akawu mai tafireta a ofishin En'e fa? Tafiretar da aka ƙera don Turanci ba ta da ƙ. Shi ya sa iyayenmu da suka yi digiri a sashen Hausa za su gaya muku yadda ake buga kundi gaba ɗaya da tafireta, sannan a zauna da biro ana bi shafi-shafi ana lanƙwasa kan k da d da b. Waɗanda ba su da wannan juriyar suka bar ƙugiyar gaba ɗaya. Mutane suna cewa lalaci ne ya sa Bahaushe ba ya sa ƙugiya. Ni ina ganin kafin lalaci akwai rashin kayan aiki. Shekaru da yawa na'urar da ke gaban mutum ba ta da harafin, har ido ya saba da rashinsa.

An yi ƙoƙarin gyara. A shekarun 1980 Cibiyar Harsuna ta Ƙasa ta ɗauki aikin samar da jerin haruffa guda da zai wadaci harsunan Nijeriya, bisa shawarar masaniyar harsuna Kay Williamson, har da taimakon shahararren mai zanen haruffa na Jamus, Hermann Zapf. A Nijar kuma suka ɗauki harafi na huɗu mai ƙugiya, ƴ, inda mu a Nijeriya muke rubuta 'y. Amma kafin a gama cin gajiyar wannan, kwamfuta ta iso ta sauya komai.

Abin da kwamfuta ta sauya shi ne wannan: harafi ya daina zama dalma, ya zama fayil. Dalma sai ka ɗauko babbar mota ka sace ta. Fayil kuwa cikin daƙiƙa ɗaya ka kwafe shi, mai shi bai rasa komai a hannunsa ba sai cinikinsa. Masu zane suka ruga wajen doka. A Amurka dokar ba ta ba su yadda suke so ba. A 1978, a shari'ar kamfanin Eltra, kotu ta tabbatar da cewa siffar haruffa ita kanta ba ta shiga ƙarƙashin haƙƙin mallaka. Sai kamfanoni suka bi ta wata ƙofa. Suka ce to mun ji, siffar ba tamu ba ce, amma fayil ɗin da ke gaya wa kwamfuta yadda za ta zana siffar manhaja ce, manhaja kuwa doka na kare ta. A 1992 ofishin haƙƙin mallaka na Amurka ya amince a yi wa irin wannan manhaja rajista. A 1998 wata kotu a Kalifoniya ta ba kamfanin Adobe gaskiya a kan wani kamfani mai suna Southern Software da ya kwashi fayilolinsa ya ɗan taɓa su ya sayar. A Ingila kuwa dokar 1988 ta ba zanen kansa kariya ta shekara 25.

Wannan shi ne asalin lasisin da ake tambayar marubuta yau. Idan ka "sayi" zubin haruffa, ba ka saye shi ba a gaskiya, izinin amfani aka ba ka, kamar ɗan haya. Kuma izinin kashi-kashi ne. Akwai na sakawa a kwamfuta, da adadin kwamfutocin da aka yarda. Akwai na shafin intanet. Akwai na littafin lantarki. Akwai wanda aka rubuta cewa kyauta ne amma don amfanin kai kawai, ba don abin da za a sayar ba. Wannan na ƙarshen shi ne ramin da na faɗa. Na ga an rubuta kyauta, ban karanta ƙaramin fayil ɗin da ya zo tare da shi ba.

Maganar dasawa kuma ga yadda take. Adobe ta fito da PDF a 1993, manufar ita ce takarda ta fito iri ɗaya a kowace na'ura. Hakan ba ya yiwuwa sai an dasa haruffan a cikin fayil ɗin, wato kana aika wa mutum takarda tare da wani yanki na manhajar wani. Saboda haka a cikin fayilolin haruffa na TrueType da OpenType akwai wata alama da mai zubin ke saitawa. Mataki huɗu ne: wanda za a iya dasawa har a girka shi a wata kwamfutar, wanda za a iya dasawa a yi gyara a takardar, wanda za a dasa don dubawa da bugawa kawai, da wanda aka hana dasawa sam. Idan zubinka na ƙarshen ne, manhajar za ta ƙi dasa shi. A kwamfutarka komai lafiya lau, a ta maɗaba'a sai wani zubin ya maye gurbinsa, layuka su goce, shafi ya rikice.

Kada ku ɗauka ƙananan mutane irinmu kaɗai ke faɗawa. A 2009 kamfanin Font Bureau ya kai gidan talabijin na NBC ƙara yana neman dala miliyan biyu, bisa zargin sun yi amfani da haruffansa fiye da abin da lasisi ya ba su. Wanda ya fi ba ni dariya shi ne na Faransa. A 2010 hukumar Hadopi, wadda aka kafa musamman don yaƙar satar fasaha a intanet, ta fitar da tambarinta. Sai aka gano zubin da ke jikin tambarin, mai suna Bienvenue, an zana shi ne don kamfanin sadarwa na France Télécom shi kaɗai. Mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi. Dole aka sauya tambarin. To idan hukuma irin wannan ta ji kunya, kun ga dalilin da kamfanin ɗab'i zai tsare ka da tambaya. Shi ne zai buga dubban kwafi ya sa sunansa a jiki, shi za a fara nema. A nan gida ma, dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 ta lissafa manhajar kwamfuta cikin ayyukan da take karewa.

Kamfanonin ɗab'i da mujallun ilimi da dama kan ce a turo rubutu da Times New Roman. Ba don ya fi kowane kyau ba. An zana shi ne don jaridar The Times ta Landan, ya fara fita ranar 3 ga Oktoba 1932, ƙarƙashin kulawar Stanley Morison. Mallakar Monotype ne, amma Microsoft ta karɓi lasisinsa ta saka a Windows, don haka kusan kowane edita yana da shi ta halastacciyar hanya. Kai ka rubuta da naka, shi ya buɗe da nasa, babu fayil ɗin haruffa da ya tashi daga hannu zuwa hannu. Amma ku lura, zuwansa tare da Windows bai ba ka izinin kwafe fayil ɗinsa ka tura wa wani ba. Bugawa da shi halas, rarraba fayil ɗin kuma a'a.

Yanzu mu dawo kan "}asa". Tsofaffin zubin da suka zo da Windows a shekarun 1990 ba su da ɓ da ɗ da ƙ. Marubucin Hausa ya shiga tsaka mai wuya: zubin da kowa ke da shi ba shi da haruffanmu. Sai masana na gida suka tashi. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero yana cikin waɗanda suka ƙera zubin Hausa mai ƙugiya a wancan lokaci, kuma duk mai rubutun Hausa da kwamfuta ya san sun yi mana rana. Dabarar da zubin wancan zamani ke bi ita ce aro. A ɗauki maɓallin da Hausa ba ta amfani da shi a zana harafi mai ƙugiya a gurbinsa. Wasu suka ari alamomin baka, wasu suka ari q da x da v. A fuskar kwamfutarka kana ganin ƙ, amma abin da na'urar ta adana alamar baka ce ko q. Muddin wanda ka aika wa ba shi da wannan zubin, sai asiri ya tonu. Shi ya sa har gobe za ka buɗe maƙala a intanet ka ga "qasa" da "xaya" da "varawo".

Kun ga tarkon? Hanya ɗaya tilo da rubutunka zai fito daidai ita ce ka aika da fayil ɗin haruffan tare da shi. Haka muka taso muna yi, daga fulofi zuwa filashi zuwa WhatsApp, "don Allah turo min font ɗin Hausa". Fayil ya yi ta yawo, an sauya masa suna, ba wanda ya san asalinsa balle sharuɗɗansa. A tsakaninmu ba matsala. Amma ranar da ka tunkari kamfanin da ke tambayar takarda, ba ka da abin nunawa. Kuma akwai asarar da ta fi wannan. Duk kundin digiri da littafin da aka buga ta wannan hanya, idan ka nemi kalmar "ƙasa" a cikinsa da na'urar bincike ba za ka same ta ba, don a wurin na'ura ba a taɓa rubuta ta ba.

Abin takaicin shi ne maganin ya daɗe da samuwa. Tun 1991 aka fitar da tsarin Unicode, wanda ya ba kowane harafi lambarsa ta dindindin, kuma haruffanmu masu ƙugiya suna ciki, manya da ƙanana. Lambar ƙ ita ce U+0199. Idan ka rubuta ƙ ta Unicode, ƙ ce a Kano, ƙ ce a Damagaram, ƙ ce a Kumasi, ko da wane zubi aka buɗe ta, in dai zubin yana da zanenta. Sababbin Times New Roman da Arial ma yanzu suna da su.

Saura maganar izini, ita ma an warware ta. A 2005 ƙungiyar SIL ta fitar da wani lasisi da ake kira OFL, wato buɗaɗɗen lasisin haruffa, Victor Gaultney da Nicolas Spalinger suka tsara shi, aka sabunta shi a 2007. Sharuɗɗansa ba su da yawa. Ka yi amfani da zubin a kowane aiki, na kyauta ko na sayarwa. Ka dasa shi a PDF ko littafin lantarki. Ka tura wa wanda kake so, tare da takardar lasisin. Ka gyara shi ma in kana iyawa. Abin da aka hana: kada ka sayar da zubin shi kaɗai, kada ka sa wa wanda ka gyara sunan da mai shi ya keɓe, kuma wanda ka gyara ɗin ya ci gaba da zama a ƙarƙashin wannan lasisi. Littafin da ka buga da shi kuwa naka ne, lasisin bai taɓa shi ba. Gentium da Charis da Andika duk a kan wannan tsari suke, kuma suna da haruffanmu cif. Haka jerin Noto na Google. Mu da Charis muka sake tsara littafinmu, muka bi labaran nan muka mayar da kowace alamar baka harafinta na gaskiya, muka haɗa da takardar lasisin muka aika. Ba a sake tambayarmu komai ba.

Har ajami bai tsira daga wannan labari ba. Salon rubutun da almajiri ke yi a allo, mai kaurin nan da ake kira rubutun Kano, ya daɗe babu shi a kwamfuta. A 2017 SIL ta fitar da zubi mai suna Alkalami da aka zana bisa wannan salo, akwai kuma Harmattan da aka yi don ajamin Afirka ta Yamma, duka a ƙarƙashin OFL. Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa SIL ƙungiya ce mai alaƙa da aikin fassarar Baibul, kuma na san wasu za su ɗaga gira. Ni tambayar da nake yi wa kaina daban ce. Rubutun da kakanninmu suka ƙirƙira, wanda har yau akwai gwanayensa a cikin birni, me ya hana mu mu muka fara mai da shi zubin kwamfuta? Muna da sassan Hausa a jami'o'i, muna da sassan kimiyyar kwamfuta, muna da matasa masu zanen tambari da fosta a kowace unguwa. Abin da ya rage shi ne wani ya haɗa su a ɗaki ɗaya ya biya kuɗin aikin.

Kuma kada a fahimce ni a karkace. Ban ce duk mai sayar da zubi azzalumi ba ne. Ku tuna da Griffo. Mu da muke kuka kullum ana kwafe littattafan marubutanmu ana rabawa a guruf-guruf ba ko sisi, mu da muka ga yadda satar fasaha ta durƙusar da kasuwar faifan Kannywood, bai kamata mu zama masu cewa aikin mai zanen haruffa ba aiki ba ne. Idan zubin kuɗi ya burge ka kuma kana da hali, saya, karanta sharuɗɗan, adana rasit. Idan ba ka da hali, ga na halas kyauta. Abin da babu uzuri a kansa shi ne na sata.

Don haka kafin ka aika rubutu ga kowane kamfanin ɗab'i, ga abin da na koya da gumina. Rubuta da Unicode tun daga farko, allon rubutu na Gboard yana da Hausa, a kwamfuta ma ana iya saka allon Hausa. Karanta ƙa'idojin kamfanin, in sun ce Times New Roman to ba su shi. In kai za ka tsara shafuka da bango da kanka, san sunan kowane zubi da ka taɓa da inda ka samo shi, kuma ka ajiye takardar lasisinsa. Bayan ka fitar da PDF, buɗe bayanan fayil ɗin ka duba jerin haruffa, ka tabbata kowanne an nuna ya dasu. Kada ka tura fayil ɗin haruffa ga kowa sai lasisin ya yarda. Sannan sakin layin nan na alhaki da ke cikin yarjejeniya, karanta shi sau biyu kafin ka sa hannu. Idan kuma kamfani ne zai tsara maka, ka tambaye su tun wuri ko zubin da za su yi amfani da shi yana da Ɓ da Ɗ da Ƙ manya da ƙanana, da mai kauri da mai karkata, don sau da yawa a kanun labari ake ganin harafi ɗaya ya fita daban kamar baƙo a gidan biki.

Iyayenmu da biro suka riƙa bin shafi ɗari uku suna lanƙwasa kan harafi, don kada a karanta faɗa a matsayin fada. Mu kuwa danna k kawai za mu yi mu ɗan riƙe, ƙ ta fito. Duk wanda ke da tsohon kundi ko littafi da ya maƙale a tsohon zubi, ya yi magana a ƙasan wannan rubutu, za mu nuna masa yadda ake juya shi, ba wuya. A shiri na gaba in Allah ya kai mu za mu ɗauki ita kanta yarjejeniyar ɗab'i mu bi ta layi-layi.